Malama Ummussalma da Sanarwar Rasuwar Mai Rai

Kafin masu shayin bakin tasha su gama hura wuta, Malama Ummussalma Isma'ila ta riga ta ɗaga ƙyauren ɗan shagonta da ke bayan kasuwar Birnin Kudu. Shagon buga takardu ne da fotokofi, irin wanda ɗalibai ke cikawa lokacin rajistar jarrabawa. Sai dai ko ka riga ta zuwa ka tsaya a bakin ƙofa da takardarka, ba za ta karɓa ba tukuna. Za ta gaishe ka, ta nuna maka benci, ta kunna kwamfuta, ta buɗe shafin Zumuntar Kudu. Za ta bi unguwannin ɗaya bayan ɗaya, Unguwar Ya, Fagam, Zandam da sauransu, tana karanta kowace sanarwa, fuskarta dab da gilashi saboda idon ya fara gajiya. Daga nan sai ta yi abin da baƙo zai ɗauka wasa ne. Ta shiga akwatin da ake rubuta sunan wanda ake nema, ta cika shi da alamomi da rubutun banza, ta danna, ta riƙe numfashi. In rubutun ya fito a banzansa, bai rikiɗe ya zama wani abu ba, sai ta ce, "Alhamdu lillahi," ta juyo ta ce, "Malam, kawo mu gani."

A ƙarshen watan nan za ta ajiye wannan aiki na kula da shafin. Likitan ido ya hana ta dogon zama gaban kwamfuta, za ta miƙa wa Malama Rukayya da ke koyar da kwamfuta a sakandaren 'yan mata. Shi ya sa na ga bai kamata ta tashi shiru ba, kamar yadda ta zauna shiru.

Zumuntar Kudu ƙungiya ce ta 'yan asalin Birnin Kudu da Gwaram, na gida da na ci-rani. Shafinta na intanet allon sanarwa ne kawai: haihuwa, ɗaurin aure, cigiya, rasuwa. Wakilin kowace unguwa ke aiko da labari, Malama ta buga waya ta tabbatar, sannan ta sa. Ba ta taɓa sa rasuwa ba sai ta ji daga bakin ɗan gidan. Da haka mutane suka yarda da shafin. Mai gadi a Legas, mai kayan gwari a Fatakwal, in ya ji ƙishin-ƙishin sai ya ce bari ya duba shafi. In babu a can, jita-jita ce. In akwai, sai ya nemi mota.

Ba ita ta haɗa shafin ba. Wani ɗan kwangila ne ya haɗa, ya miƙa mabuɗai ya yi gaba, daga baya lambarsa ma ta daina shiga. Abin da ke jera sanarwoyin wata 'yar ƙaramar manhaja ce da ake liƙa wa shafi, masu sana'ar suna ce mata fulogin. A shafin kowace unguwa ba a rubuta komai ba sai gajeren umarni guda cikin baka biyu, kamar haka: [sanarwa unguwa="Zandam"]. In mai karatu ya buɗe, wannan gajeren umarnin ne ke zuwa ya kwaso sanarwoyin Zandam ya jera, ya ɗora akwatin nema a samansu. Kuma da yake kwamfutar da ƙungiya ke haya don riƙe shafin, wato saba, ƙarama ce, ba ta jure a yi ta aikenta ba hutu, sai aka yi mata dabarar da suke kira kash. Malama da randa take kwatanta shi. Wanda ya fara zuwa ne ake tafiya rijiya dominsa a cika randa, sauran duk daga ciki za su sha, har zuwa lokacin da za a zubar a sake ɗebowa.

Abin ya faru da bazara, ana tsakiyar noman rani. A shekarar akwai taƙaddama tsakanin wasu manoman Zandam da mutanen wani ɗan ƙauye na tsallaken rafi a kan wani yanki na fadama. Magana tana gaban hakimi, amma zukata sun yi zafi. Wanda ke magana da yawun mutanen Zandam shi ne Malam Iliyasu Hafiz, manomin albasa da tumatir, mutum mai sanyin murya.

Da hantsi, Malama tana buga wa wani takardar neman aiki, sai ga Alhaji Salihu, shugaban ƙungiya, ya faɗo shagon ko sallamar kirki bai yi ba. Waya na hannunsa, hularsa a karkace.

Ya ce, "Malama, wa ya ba ki labarin Iliyasu?"

Ta ce, "Wane Iliyasu, Alhaji?"

Ya miƙa mata wayar. Shafin Zandam ne. A can sama, cikin baƙin zagaye irin wanda ita kanta take yi wa sanarwar rasuwa, an rubuta: "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. An kashe Malam Iliyasu Hafiz a gonarsa ta fadama da safiyar yau. Mutanen tsallake ne suka sare shi. Jama'ar Zandam, kada jininsa ya tafi a banza."

Ta ce, "Wallahi Alhaji ban sa wannan ba."

"To wa ke da mabuɗi bayan ke?"

"Babu."

"To goge shi! Maza goge shi!"

Ta shiga ciki, inda ake ajiye sanarwoyi. Ta duba na Zandam. Suna guda, ɗaurin aure guda, cigiyar akuya. Babu rasuwa. Ta duba kwandon shara, babu. Ta duba ko wani ya shiga da sunanta, babu wanda ya shiga sai ita. Ta koma ta buɗe shafin kamar kowa, ga sanarwa nan zaune, baƙa ƙirin. Abu yana kan allo, dubban mutane suna karantawa, amma babu abin gogewa. Ummussalma 'yar gidan malamai ce, ba mai saurin kawo zancen iska ba, amma ta ce sai da tsigar jikinta ta tashi, ta sami bakinta yana karanta Ayatul Kursiyyu ba ta san sanda ta fara ba.

Sai ta tuna da randa. Ta zubar da kash ɗin, ta sake buɗewa. Sanarwa ta ɓace. Alhaji Salihu ya sulale kan benci ya ce, "Alhamdu lillahi, Allah na gode maka." Bai gama shafa fuska ba wayarsa ta yi ƙara. Wani ne daga Kano, yana tambaya ƙarfe nawa ne jana'iza. Malama ta sake danna shafin. Sanarwa ta dawo. Harafi ɗaya bai canza ba.

Ta sake zubarwa, sanarwar ta sake dawowa. A nan ne tsoron ya sauya kama. Ba iska ba ce. Mutum ne. Wani yana zaune a wani wuri, wataƙila a garin nan, wataƙila a layin nan, yana jira ta share ya mayar. Ta ɗaga kai ta dubi ƙofa. Masu wucewa suna ta wucewa, rabinsu kansu a sunkuye kan waya.

Alhaji ya kira 'yan sanda ya kira gidan hakimi. Sun ce sun kama hanya, amma daga inda suke zuwa fadamar akwai tafiya, hanyar kuma ba ta mota ba ce sosai. Ita kuma ta kira wakilin Zandam. Da ƙyar take jin sa saboda koke-koke. Ya ce yana cikin gidan Iliyasu, bari ya ba ta Jummai, matarsa.

Malama ta ce, "Jummai, ki saurare ni don Allah. Kin ga gawa? Wani ya gani?"

Jummai ta ce, "Malam ya fita tun da asuba, ya ce zai yi ban ruwa. Na kira wayarsa a kashe. Na kira, na kira, a kashe. Malama, ai ke ba kya sa ƙarya. Kowa ya san ba kya sa ƙarya. Ki faɗa min wa ya gan shi, ya aka yi masa?"

Wannan maganar ta fi komai dukan ta. Gaskiyar da ta tara shekara da shekaru, ita aka ɗauka aka yi makami. Wakilin ya karɓi wayar ya rage murya, ya ce Yahuza, ƙanen Iliyasu, yana ƙofar gida ya tara samari. Akwai adduna, akwai gora, wasu sun tafi nemo fetur.

Alhaji ya ce, "Tunda a randar nan abin yake zama, fasa ta gaba ɗaya."

Ita ma tunanin da ya zo mata ke nan. Ta kashe kash ɗin. Sai dai a lokacin duk ɗan Gwaram da ke duniya yana kan shafin. Da aka ce kowa sai an je masa rijiya, 'yar sabar ta durƙushe. Shafi ya koma fari fat, ba komai. Ba a jima ba wayar Alhaji ta fara cika da saƙonni. Mutane sun riga sun ɗauki hoton sanarwar suna yaɗawa, yanzu kuma ga sabon zance a kai: 'yan ƙungiya sun rufe shafi don su rufa wa masu kisa asiri.

Ta mayar da kash, shafi ya farfaɗo, sanarwa ta biyo shi. Ta ce wa kanta, abin nan ba daga sama ya faɗo ba, ta wata ƙofa ya shigo. Ta buɗe cikin shafin, wato asalin rubutun da ke ƙarƙashin abin da ido ke gani, ta bi layi-layi da ɗan yatsa. Dab da farkon baƙar sanarwar sai ta ga wasu kalmomi biyu da aka danne su don kada su fito fili: "Kun nemi:"

Ta san su. Duk wanda ya rubuta suna a akwatin nema, fulogin ɗin yakan maimaita masa, "Kun nemi: wane," sannan ya kawo sakamako. Ashe duk abin da aka zuba a akwatin haka yake karɓa ya mayar kan shafi, ba tacewa. In suna ne, suna. In umarni ne da ke cewa zana baƙin zagaye ka rubuta kaza, sai ya bi. Mutumin bai saci mabuɗin kowa ba. Sanarwar gaba ɗaya ya rubuta a akwatin nema. Abin da ya ƙara muni, fulogin ɗin yana haɗa abin da baƙo ya rubuta da sanarwoyin gaskiya ya zuba a randa ɗaya da sunan Zandam. Don haka duk sanda ta zubar, sai ya yi wuf ya zama na farko, ya cika wa kowa.

Ta shiga shafin Zandam ta cire gajeren umarnin nan ɗungurungum, akwatin nema ya tafi da shi. Ta bi sauran unguwannin ta yi haka, don ƙofar iri ɗaya ce a ko'ina. Ta zubar da kash. Ta jira. Ta sake dubawa. Sanarwa ba ta dawo ba. Shafi ya zama fili, sai abin da za ta rubuta da hannunta.

Alhaji ya matso ya ce, "Rubuta ƙarya ne, Iliyasu yana nan da ransa."

Ta ce, "Alhaji, mun san yana da rai?"



Ta ci gaba da cewa, "In wanda ya rubuta wannan ya san abin da ba mu sani ba fa? In na ce yana raye aka je aka tarar da shi kwance, wa zai ƙara tsayar da yaran nan? Wa zai ƙara jin maganarmu?"

"To so kike mu zuba ido a yi ta'asa?"

"Abin da na sani zan rubuta."

Ta rubuta cewa sanarwar da aka gani ba daga ƙungiya ta fito ba, wani ne ya cusa ta ta ɓarauniyar hanya. Babu wanda ya ga gawa, babu wanda ya shaida kisa. Duk wanda ya ga Malam Iliyasu yau, a ko'ina, ya kira wannan lamba. Ta sa lambarta, ta sa cikakken sunanta. Alhaji ya ce, "Malama, ke mace ce, kowa ya san shagonki. Sa tawa." Ta ce, "Ni suka sani da shafin. In ba sunana suka gani ba, za su ce shi ma na bogi ne." Wannan karon randar ce ta cece ta. Saƙonta ya zauna a ciki, jama'a suka yi ta buɗewa, saba ba ta faɗi ba.

Wanda ya fara kira Yahuza ne. Muryarsa ta dishe.

Ya ce, "Ke kika sa, ke kika cire. Wa ya sa ki cire?"

Ta ce, "Malam Yahuza, na rantse da Allah ban sa ba. Ban ce maka Yayanka yana raye ba, don ban sani ba. Kai ma ba ka sani ba. Abu ɗaya nake roƙo. Ka ɗauki Liman a babur, ku biyu, ku je gonar ku gani da ido. In abin da aka faɗa gaskiya ne, ba a binne shi ba tukuna, shi ya fi buƙatarka kafin kowa. Ka bar samarin nan a ƙofar gida."

Ta ji numfashinsa, ta ji hayaniya a bayansa. Can ya ce, "In na same shi a kwance, ke ma sai kin yi bayani." Ya kashe.

Daga nan wayarta ba ta huta ba, kuma ba ta da ikon ƙin ɗauka, don ba ta san wane kira ne zai zo da labari ba. Wani ya zage ta ta uwa ta uba. Wata ta yi ta kuka ba ta ce komai ba. Wani ya ce ya san shagon, ya san hanyar gidanta. Wani kuma, da murya a kwance kamar mai tambayar farashin fotokofi, ya ce, "Malama, sannu da aiki," ya yi 'yar dariya ya kashe. Har yau in ta tuna wannan muryar sai ta dubi ƙofa. Alhaji ya jawo ƙyaure ya rage kaɗan, suka zauna cikin zafi, gumi yana ɗiga daga haɓarta kan madannai.

Yahuza ya sake kira daga fadama, a wayar Alhaji wannan karon. Ya ce ga fartanyarsa, ga tiyon ban ruwa a yashe, ga buhun da yake zama a kai. Babu shi, babu injin. Ya ce tsallaken rafi tsit, ko kaza ba ta motsi, mutanen sun gudu. "In ba su yi komai ba, me ya kore su?" Kuma samarin ba su tsaya a ƙofar gida ba, sun biyo shi a ƙafa. Yana magana, Malama tana jiyo muryar Liman yana cewa, "Ku tsaya! Ku ji tsoron Allah ku tsaya!" Sai Yahuza ya ce hayaƙi ya tashi. Wasu sun riga sun haye, sun cinna wa wata bukkar gona wuta.

Ta ce a lokacin ta cire rai. Ta kifa kai kan tebur, tana ganin gidaje suna ci, tana ganin sunanta a bakin marayu. Wayarta ta yi ƙara, har ta ƙi ɗauka. Sai ta ɗauka.

"Salamu alaikum. Yunusa ne, bakanike, daga cikin garin Gwaram. Wai Iliyasun da ake nema, mai albasa? Ai ga shi nan a gindin darbejiya yana gyangyaɗi. Injin ban ruwansa ne ya ƙi tashi, ya ɗauko shi a motar 'yan kasuwa tun da safe. Yanzu wani ya nuna min a waya, na ce kai, wannan mamacin ai ni yake jira."

Ta miƙe tsaye, kujera ta faɗi. Ta ce, "Tashe shi! Don girman Allah ba shi wayar!"

Wata murya mai barci ta ce, "Na'am? Wa ke magana?"

Ba ta tsaya bayani ba. Ta fizgi wayar Alhaji, wadda Yahuza ke kai har lokacin, ta buɗe lasifikar duka biyun, ta haɗa su baki da baki a kan tebur. Ta ce, "Malam Iliyasu, yi wa ƙanenka magana."

"Yahuza? Lafiya? Cajina ne ya ƙare. Ka ce wa Jummai sai la'asar zan dawo."

Sannan Yahuza ya ce, "Yaya?" Ya sake cewa, "Yaya!" Sai suka ji ya fashe da kuka, suka ji shi yana gudu yana ihu, "Ku dawo! Yana nan! Wallahi ga muryarsa, ku dawo!"

Ta sa Yunusa ya ɗauki hoton Iliyasu tsaye kusa da injinsa ya turo. Ta ɗora a shafi, ta zubar da kash don sabon ya isa ga kowa nan take. Da ta gama, ba ta ko ɗaga kujerar ba. A ƙasa ta zauna.

Ba a rasa rai ba, amma ba a fita lafiya lau ba. Bukka ta ƙone da buhunan irin wani bawan Allah. Wata tsohuwa daga tsallake ta faɗi a guje ta karye a ƙugu, har yanzu da sanda take tafiya. Jummai ta yi makonni in waya ta yi ƙara sai jikinta ya ɗauki ɓari. Mutanen Zandam sun bi Liman sun je ban haƙuri, an gyara bukka, daga baya hakimi ya raba gardamar fadama. Wanda ya rubuta sanarwar kuwa, an bincika, ba a gano shi ba. Yana nan a cikinmu, yana zuwa kasuwa, wataƙila yana karanta wannan.

Mutane da yawa sun ce a rufe shafin a huta. Ita ta ce a ba ta lokaci. Ta rufe shago na kwanaki, ta zauna da fulogin ɗin, tana karatu tana gwadawa, tana tambayar masu sana'ar a zaurukansu na intanet. Ta sa duk abin da baƙo ya rubuta a akwati sai an tace shi tun daga bakin ƙofa: a tsige duk wata alamar umarni, a yanke shi in ya fi tsawon suna. Sunan unguwar da ke cikin gajeren umarni ma ba ta yarda da shi haka nan ba, sai ya dace da unguwannin da aka sani, in ba haka ba kada a nuna komai. Da za a mayar da rubutun baƙo kan shafi, ta sa a sake bi ta kansa, ya fito a matsayin haruffa kawai, ba abin da kwamfuta za ta yi wa biyayya ba. Randa kuwa ta raba ta. Sanarwoyin da ita ta tabbatar su kaɗai ke shiga, kowace unguwa da tata, abin da mai nema ya rubuta ba ya kusantar ta. Ta rage tsawon zamansu a ciki, ta kuma sa da zarar ta gyara sanarwa ko ta sa sabuwa, tsohuwar ta zube da kanta, don kada gyara ya makara a ranar da ake buƙatarsa.

Bayan an sake buɗe akwatin nema, an ƙara gwada cusa sanarwar ƙarya. Ta ga alamar. Rubutu iri ɗaya da na farko, da sunan wani mutumin dabam. Wannan karon bai wuce allon mai rubuta shi ba. Babu wanda ya sani, babu wanda ya yi kuka, ba a tara kowa a ƙofar gida ba. Ta faɗa wa Alhaji Salihu, ya sanar da hukuma, ita kuma ta ci gaba da buga takardun mutane.

Na tambaye ta ko tsoron ya tafi. Ta ce, "Bai tafi ba. Ni ba na so ma ya tafi. Ran da na daina jin tsoron akwatin nan, ran nan ya kamata a karɓe shi daga hannuna."

Malama Ummussalma, ke ce mai tsaron ƙofar da ba wanda ya san akwai ta. Ke ce kika ƙi cewa yana raye sanda faɗin hakan ya fi sauƙi, kika tsaya a kan iyakar abin da kika sani. Ke ce kika sa sunanki da lambarki a gaban fusatattun mutane alhali kina cikin tsoro. Aikinki irin wanda in ya yi kyau ba a ganin komai ne, shi ya sa ba a taɓa kiran ki gaban taro ba. Mun gode. Allah ya ba idonki lafiya, ya saka miki da abin da ba za mu iya ba, ya tsare ki daga wanda kika toshe wa hanya.

Ku kuma matasanmu da ke haɗa wa makarantu da ƙungiyoyi da masallatai shafuka, ku je ku gaishe ta kafin ta tashi, ku tambaye ta. Duk akwatin da kuka buɗe wa jama'a su yi rubutu, ku ɗauka wata rana mugu zai zo ya rubuta a ciki. Kada ku karɓa sai kun tace, kada ku nuna sai kun sake tacewa, kada ku ajiye wa kowa abin da ba ku san wanda ya kawo shi ba. In kun gama aiki kada ku kashe waya ku ɓace. Mu masu karatu kuma, in mun ga labarin jini, mu tambayi wanda ya gani da ido kafin mu tura wa na gaba.

A tsallaken rafin nan akwai yaran da ke fitowa kowace safiya da jakunkunansu, iyayensu maza suna raka su har bakin hanya. Ba su taɓa jin sunanki ba, Malama. Mu mun ji, kuma ba za mu manta ba.